Yadda ake bin sawun abubuwan da ake mallaka tare a C++, da share gurbinsu bayan sun mutu

Tun daga ƙa'idar 2011 ta C++, harshen rubuta manhajar kwamfuta, idan sassa da dama na manhaja suna amfani da abu guda, akan riƙe shi da std::shared_ptr, wanda ke ƙidaya masu riƙe da abin, ya kuma rushe shi da zarar ƙidayar ta koma sifili. Wahalar takan taso ne idan ana son rajistar abubuwan da ke raye, misali hotunan da manhaja ta riga ta loda, don kada a loda hoto ɗaya sau biyu.

Da farko, kada rajistar ta riƙe shared_ptr, domin ita ma za ta shiga sahun masu mallaka, hoton kuwa ba zai taɓa mutuwa ba. A gina ta da std::unordered_map, wato jadawalin da ke haɗa kowane mabuɗi da abin ajiyarsa, sunan fayil ya zama mabuɗi, abin ajiyar kuma ya zama std::weak_ptr, wanda ke sa ido a kan abu ba tare da ya mallake shi ba.

Bayan haka, duk sanda za a ɗauko hoto a kira lock() ta weak_ptr ɗin. Idan ta dawo da shared_ptr mai rai a yi amfani da shi, idan ta dawo fanko a loda sabo a maye gurbin.

Sharewa ita ce inda aka fi sakaci, domin mataccen weak_ptr ba ya fita daga rajista da kansa. Ana iya bin rajistar lokaci-lokaci da std::erase_if, wadda ta zo a C++20, a cire duk wanda expired() ta nuna ya mutu. Sai dai idan da make_shared, umarnin da ke ƙirƙirar abu tare da shared_ptr ɗinsa, aka ƙirƙiri abin, gurbinsa a ma'adanar kwamfuta (memory) ba ya sakuwa har sai weak_ptr na ƙarshe ya tafi, saboda wuri ɗaya aka ware wa abin da ƙidayarsa.

Ni na fi son a ba shared_ptr aikin sharewa na musamman tun lokacin ƙirƙirarsa, abin da make_shared ba ta karɓa. Wannan aikin zai rushe hoton, sannan ya cire mabuɗinsa daga rajista. Ya riƙe rajistar da weak_ptr, domin tana iya riga hoton mutuwa. Kafin ya cire mabuɗin kuma, lallai ya tabbatar abin da ke ƙarƙashinsa matacce ne, tunda wani zaren aiki (thread, wato sashen manhaja da ke gudana a lokaci guda da wani) yana iya riga ya ajiye sabon hoto da sunan nan a ɗan tsakanin.

Idan zaren aiki ya fi ɗaya, a tsare rajistar da std::mutex, makullin da ke barin zare ɗaya kawai ya taɓa ta a lokaci guda. A kula sosai kada shared_ptr na ƙarshe ya mutu alhali makullin yana hannu, domin aikin sharewar zai nemi makullin nan a zare ɗaya, manhajar kuma tana iya tsayawa cik.