Yadda Ake Kallon Taurari Masu Faɗuwa na Ursid a Lokacin Hunturu

Ursid ƙaramin ayarin taurari masu faɗuwa ne da ke bayyana kowace shekara daga 17 zuwa 26 ga Disamba, ya fi yawa wajen 22 ga wata. Ƙura ce da tauraruwa mai wutsiya 8P/Tuttle ta bari, tana shiga iskar duniya da gudun kilomita 33 a daƙiƙa ta ƙone. Ko a wuri mai kyau, da wuya a wuce guda 10 a awa.

Mafitarsu, wato wurin da ake ganin kamar daga nan suke fitowa a sama, tana arewa, kusa da Kochab, wani tauraro mai haske da ke yankin Tauraron Arewa. Daga Kano ko Zinder ba ta yin sama sosai, kusan digiri 20 kawai gabanin asuba, don haka a fita daga ƙarfe 3 na dare. Uku ko huɗu a awa ma an yi sa'a.

A bar gari da fitilunsa, a shimfiɗa tabarma, a lulluɓa da bargo. Ba a buƙatar madubin hangen nesa, yana ƙuntata filin gani ne. Ido na ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma duba waya sau ɗaya ya isa ya ɓata wannan. A rufe tocila da jan ƙyalle don kada haskenta ya ɓata shi. Kada a zura wa mafitar ido, a kalli sama da ita, inda layin haske ya fi tsawo.

Babban cikas shi ne hazo: yana haɗiye ƙananan da ke ƙasa-ƙasa. In ba a ganin Kaza da 'Ya'yanta sarai da farkon dare, gara a haƙura. Farin wata ma haka.

Duk tauraro mai faɗuwa da aka gani, a bi layinsa baya da ido. In bai koma wajen Kochab ba, ba Ursid ba ne, a rubuta shi daban tare da lokacinsa.