Kurakuran da masu motar dizal ke yi kan DPF kafin gwajin MOT a Ingila

Duk wanda ya sayi motar dizal a Ingila wadda aka ƙera daga wajen 2009 zuwa yanzu, to akwai wata tukunya a cikin salansarsa da ake kira DPF, aikinta tace kunkunniyar hayaƙi kar ta fita iska mutane su shaƙa. Dokar Euro 5, wato dokar Turai ta rage hayaƙin motoci, ita ce ta sa kusan kowane kamfani ya saka ta. Kuma wallahi yawancin 'yan uwanmu ba sa sanin akwai ta sai ranar da wata fitila ruwan lemo ta kama a dashbod.

Babban kuskure shi ne cire ta. Mun saba a gida, bakanike ya leƙa ƙarƙashin mota ya ce Alhaji indomie ɗin nan, wato abin tace hayaƙin da ke cikin salansa, ita ce ta toshe, a fasa a zubar a yi walda, mota ta ci gaba da tafiya ba wanda zai tambaye ka. To nan ba haka ba ne. Tun Fabrairun 2014 mai gwajin MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara shekara, yake duba ko tana nan, in dai da ita aka ƙera motar kuma babu ita, ka faɗi. A watan Mayun 2018 aka ƙara tsanantawa, in ya ga alamar an yanka tukunyar an sake walda zai kayar da kai sai dai in kana da shaidar cewa wanke ta aka yi, kuma in hayaƙi ya fito daga salansa ko wane launi ne, shi ma faɗuwa ce. Wasu gareji za su ce maka za su ƙwaƙule cikin su bar kwanon, su shiga kwamfutar motar su goge ta yadda ba za ta yi ƙorafi ba, ba mai ganewa. Ko da ka tsallake gwajin, tuƙa motar a titi laifi ne, tarar tana kaiwa fam 1,000 ga ƙaramar mota, 2,500 ga motar kaya irin su ban, sannan ranar da ka yi hatsari kamfanin inshora ya gano an taɓa motar ba ka faɗa musu ba suna iya cewa ba su san zancen ba. Shi mai garejin ya karɓi kuɗinsa ya wuce, kai ne da mota. In an riga an cire, gyaran guda ne, a sayo wata wadda aka amince da ita a saka, a mayar da kwamfutar yadda take.

Na biyu, kuma shi ne tushen abin, sayen dizal alhali duk zirga-zirgarka gida, makarantar yara, masallaci, shagon nama. Ita tukunyar nan da kanta take ƙone kunkunniyar, amma sai zafi ya kai wajen digiri 600, kuma tafiyar minti biyar cikin sanyin Bradford ba ta kai ta can. Ka riƙa hawa babbar hanya lokaci lokaci. In fitilar ta kama kar ka jira, ka fita ka yi minti 15 zuwa 20 kana gudu sama da mil 40 a awa ba tsayawa, sau da yawa za ta mutu da kanta. Amma fa ka duba tanki tukuna, motoci da yawa ba sa fara ƙonar in mai ya yi ƙasa sosai, mu kuma ga ɗabi'ar zuba na fam goma goma.

Wani abin da mutane ba su lura da shi ba, kashe mota tana tsakiyar ƙonawa. Za ka ji fanka na ta gudu, ƙarar injin ta ɗan canza, ga wani wari kamar ana ƙona roba, to aiki take yi, in da hali ka ƙara zagaye ɗaya kafin ka faka. In kana yawan katse ta, ƙarin man dizal da motar ke fesawa don ƙonar yana gangarawa cikin baƙin mai, ka ja sandar awo ka ga ya ƙaru maimakon ya ragu, wannan ba albarka ba ce, a juye shi da wuri.

Shi ma baƙin man ba kowanne ba. Akwai mai ƙarancin toka, za ka ga an rubuta C2 ko C3 da makamantansu a jikin galan, ka bi abin da littafin motarka ya ce. Kunkunniya tana ƙonewa, toka ba ta ƙonewa, taruwa take yi sai an sauke tukunyar an wanke a wurin masu injin wankin. In an wanke ka karɓi rasit ka adana, shi za ka nuna wa mai MOT.

Sai masu canza tukunya sabuwa ba su nemi dalilin toshewar ba. Sau tari ita ba ta da laifi, nozul ne ke zubar da mai, ko EGR, bawul ɗin da ke mayar da wani ɓangaren hayaƙi cikin inji, ya maƙale, ko ƙaramin sensa mai auna matsin iska ya mutu ko tiyonsa ya fashe, abin kuɗi kaɗan. Ka sa a ɗora kwamfuta a karanta kafin ka yarda da maganar canji, in ba haka ba sabuwar ma wata biyu za ta toshe. Kuma goge fitilar injin da safe kafin a shiga gwaji ba dabara ba ce, tana iya dawowa a gaban mai gwajin, ita ma faɗuwa ce.

In za ka sayi ta hannu kuwa, ka sa yatsa cikin bakin salansa bayan ta huce. Mai DPF lafiyayya kusan fes za ka ga yatsanka, in ya fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya ka tambayi mai motar me ya faru, sannan ka shiga shafin gwamnati da lambar motar ka duba tarihin MOT ɗinta, kyauta ne.