Yadda ake sa wa tsohon babur wilin alminiyam, da yadda za ka auna bushinsa daidai

Duk mai tsohon babur irin su Honda CB750 ko Kawasaki Z1 ko ƙananan Yamaha na shekarun 1970 ya san wahalar wilin sifok, wato wili mai siraran wayoyin ƙarfe, yau wannan ya saki gobe wancan ya tsinke ga tsatsa ta cinye rim ta ciki. Shi ya sa mutane ke komawa wilin alminiyam na zubi, kuma ba baƙon abu ba ne ga baburan wancan zamanin, tun 1976 Yamaha ta fito da RD400 da irin wannan wilin daga kamfani. To amma fa ka sani sayen wilin shi ne mai sauƙi. Aikin gaba ɗaya yana kan bushin tazara, wato sifesa, waɗannan 'yan guntayen ƙarfen da ke zama a jikin shaf, wato sandar ƙarfen da wilin ke juyawa a kanta.

Kafin komai ka duba wilin da ka samo. Cire taya ka wanke shi tas, ka bi gindin kowace ƙafar wilin da kewayen mazaunin boris kana neman tsaga, in ka ga tsaga ko alamar an taɓa yi masa walda, ajiye shi kawai, alminiyam na zubi ba ya lanƙwasa ya ba ka gargaɗi, karyewa yake. Juya shi a kan shaf ka ga ko yana rawa, yawancin littattafan gyara ba sa yarda ya wuce milimita 2. Sannan ka karanta rubutun jikin rim ɗin, domin ba kowane tsohon wilin zubi ne tubles ba, na farko-farkon da yawa da tib ake sa su.

Sai batun shaf da boris. Shawarata ka riƙe shaf ɗin babur ɗinka na asali, ka canja boris ɗin wilin ya dace da shi, ya fi a je ana huda fok, wato ƙafafun nan biyu da ke riƙe tayar gaba. Tsofaffin babura yawanci shaf ɗinsu milimita 15 ne ko 17 ko 20, kuma lambar boris tana gaya maka girmansa: 6202 raminsa 15 bayansa 35, 6302 raminsa 15 bayansa 42, 6203 kuwa 17 da 40. Wani abin daɗi, 6303 da 6204 duk bayansu 47 ne kaurinsu 14, ramin ne kawai ya bambanta, ɗaya 17 ɗaya 20, kenan in wilin ya zo da 6204 kai kuma shaf ɗinka 17 ne sai ka zare ka sa 6303 shikenan, ya zauna daram ba sai an fere komai ba.

Yanzu ga wurin da ake yawan yin ɓarna. A cikin hob, wato cibiyar wilin, tsakanin boris biyun nan, akwai wani dogon bututun ƙarfe, shi ne bushin ciki. Idan ka ɗaure notin shaf, ƙarfin ɗaurin ya kamata ya bi ta bushin waje, ya shiga zoben ciki na boris, ya wuce ta bututun nan, ya fita ta ɗaya gefen, duk su matse su zama kamar ƙarfe ɗaya. In bututun ya gaza ko da rabin milimita ne, ko kuma wani ya ce ai ba shi da amfani ya bar shi a ƙasa, to ƙarfin zai koma kan 'ya'yan boris ɗin, taya ta fara nauyin juyawa, hob ya riƙa zafi, ba da daɗewa ba boris ya watse kana kan titi. Don Allah kar ka raina wannan bututun. In ka canja girman boris dole ramin bututun shi ma ya dace da shaf ɗinka, tsawonsa kuma ya kai tazarar da ke tsakanin mazaunin boris biyun, kar ya gaza ko kaɗan. Bayan ka buga boris ka sa yatsa ka taɓa bututun, ya kasance yana taɓa duka biyun amma bai hana su juyawa ba.

Awon bushin waje na gaba kuwa, kar ka ɗauka raba biyu kawai za ka yi. Abin da ake so shi ne tsakiyar rim ta zo tsakiyar fok, ba tsakiyar hob ba, don hob da yawa a karkace suke saboda faifan birki. Ga misali da lambobi na ƙirƙira don ka gane: tsakanin ƙafafun fok 170, rabinsa 85. Ka auna daga tsakiyar rim zuwa fuskar boris na hagu ka samu 52, na dama 58. Bushin hagu kenan 33, na dama 27. In ka yi 30 da 30 taya ta goce da milimita 3, babur ya riƙa ja gefe kana ta zargin kan babur. Kuma gidan giyan mita shi ma bushi ne, sai ka cire kaurinsa daga lissafin gefen da yake. Ka yi awon da ma'aunin baniya, wato ma'aunin ƙarfe mai baki biyu da ke auna kauri, ba tef ɗin tela ba.

Ni dai na fi son a fara gwaji da guntun fayif na roba, ka yanka shi daidai lissafinka, ka jera komai a shaf ba tare da ɗaurewa sosai ba, ka auna daga bakin rim zuwa fok hagu da dama, ka leƙa ka ga ko faifan birki yana tsakiyar kalifa, wato abin da ke matse faifan, ko kan kusoshinsa na goga fok. Sai komai ya yi sannan ka kai wa mai injin fere ƙarfe ya yi maka na gaske. Ka ce masa ƙarfe ko alminiyam mai ƙarfi irin 6061 ko 7075, fuskokin biyu su miƙe sak, bakin da zai taɓa boris ya hau zoben ciki kaɗai kar ya taɓa na waje, inda sil, wato robar da ke rufe bakin boris, zai kama kuma ya yi santsi don kar ruwa da ƙura su shiga. Batun jera washa uku huɗu a cike gurbi ban yarda da shi ba sam, washa ba a miƙe take ba kuma tana lotsewa, yau ka ɗaure gobe ta saki.

Baya ya fi gaba rikici don abu uku ne za su daidaita lokaci ɗaya: tayar baya ta bi layin ta gaba, sifiroket na baya ya bi layin na injin, birki kuma ya zauna a wurinsa. Fara da layin taya, ka ja zare biyu daga tayar baya zuwa gaba ka ga tazarar gefe da gefe ta zo ɗaya. Bayan nan ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar sifiroket na baya ka ga inda ya nufa. In bai haɗu da na gaba ba, kar ka tura wilin gefe don ka gyara sarƙa, a sifiroket ake gyara wannan, ko a fere mazauninsa ko a nemi na gaba mai tudu. Akwai kuma wani ƙaramin bushi tsakanin boris na mazaunin sifiroket da na wilin, mutane na mantawa da shi ƙwarai. Farantin birki ko maɗaurin kalifa su ma suna cikin lissafi, kuma lallai ne sandar da ke hana su juyawa ta samu maɗauri mai ƙarfi, wannan ba wurin dabara ba ne.

Wajen haɗawa ka shafa wa shaf giris kaɗan, ka duba kibiyar da ke nuna inda taya ke juyawa, ka ɗaure noti da awon da littafin babur ɗin ya faɗa. A tayar gaba, ɗaure shaf tukuna, ka sauke babur ka danna fok sau da yawa ya samu zamansa, sannan ka ɗaure kusoshin da ke matse shaf. Sa sabon fin a notin baya. Ɗaga taya ka juya ta da hannu, yadda take juyawa kafin ɗauri haka ya kamata ta juya bayan ɗauri, in ta yi nauyi kwance ka koma kan bushin ciki. Matsa birki har ya kama kafin ka hau, ka yi 'yar gajeriyar tafiya a hankali ka tsaya ka taɓa hob ka ji ko ya yi zafi, sannan ka sake bin duk notocin. In girman wilin gaba ya canja, misali daga inci 19 zuwa 18, mita za ta riƙa nuna gudun da ya fi na gaskiya kuma kan babur zai fi saurin juyawa, sai ka bi shi a hankali har hannunka ya saba.