Matakan Tafiya a Keke Daga Bankok Zuwa Ayuttaya da Kuɗi Kaɗan

Ayuttaya tsohuwar fadar mulkin ƙasar Tailan ce, wadda dakarun ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu) suka rusa a 1767. Tana arewa da Bankok da kimanin kilomita 80, tafiyar yini guda ga mai keke.

1. Zaɓi lokaci tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Damina ta wuce, zafi ya lafa. Afrilu kam kada ka soma.

2. Duba birki da sarƙa tun dare. Sa famfo, kayan faci da tub guda a jaka, ka ɗaure ta a kariya. Goya jaka a baya cikin wannan gumi azaba ce.

3. Fita da asuba. A can hannun hagu ake bi, don haka ka kula sosai a mahaɗa da shataletale, nan ne baƙo ke rikicewa. Kauce wa babbar hanya, ka bi ƙananan hanyoyi na gefen kogin Chao Phraya.

4. Sha ruwa tun kafin ƙishi ya kama ka. Shagunan 7-Eleven na ko'ina, ruwansu da araha. Rana ta take, nemi inuwa ka huta.

5. Kare ya biyo ka? Sauka, ka sa keken tsakaninku.

6. Ka isa, nemi ƙaramin masauki. Garin na da Musulmi da masallatai, abincin halal ba wuya. Ɗanɗana abin da suke kira “roti sai mai”, alewa mai kamar zare da ake naɗewa cikin siririn gurasa.

7. Dawowa, hau jirgin ƙasa mai aji na uku. Tambayi masu tikiti wane jirgi ke ɗaukar keke, don kuɗinsa daban ake biya.