Yadda za ka raba hutu tsakanin masu yara da marasa yara ba tare da an ɓata ba

Ni nake tsara jadawalin hutu a sashenmu, kuma da wuya in ji wani ya fito fili ya ce bai yarda a ba mai jego hutu ba. Gunagunin daga wani wuri yake tasowa: aikin da ta bari, kan wa ya faɗa, kuma me aka saka masa da shi? Sai kuma ranakun da kowa ke so, irin ƙarshen shekara da lokacin hutun makarantu, waɗanda masu yara kan kwashe tun kafin saura su buɗe baki. In jadawalin a hannunka yake, ga yadda nake bi.

Fara da raba abubuwa biyu da ake cakuɗawa. Hutun haihuwa daban, hutun shekara daban. Yarjejeniya mai lamba 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000, ta sa mafi ƙarancin hutun haihuwa ya zama makonni 14, shida daga ciki bayan an sauka, saboda jikin uwa da lafiyar jariri. Wannan ba ya shiga lissafin wa ya fi hutawa, kuma kada ka bari a mai da shi abin muhawara a taro. Hutun shekara kuwa haƙƙin kowa ne daidai wa daida. A nan ne shugabanni ke yin son kai ba su sani ba.

Abin da ya fi cin lokacina shi ne aikin wadda za ta tafi hutun haihuwa. Wata guda kafin tafiyarta nake zama da ita mu rubuta duk abin da ke hannunta, har da ƙananan da ba a gani, kamar amsa wayar abokan hulɗa da tuna wa mutane wa'adi. Sai mu kasa su uku: wanda zai jira dawowarta, wanda za a ajiye gaba ɗaya, da wanda dole wani ya riƙe. Kaso na ukun nan, kowane aiki sai an rubuta sunan mai riƙe shi, a gefe kuma a rubuta abin da aka sauke masa daga nasa. In ba abin da za a iya saukewa, to ka je wurin manya ka nemi ma'aikacin wucin gadi ko alawus na riƙon ƙwarya. In suka hana, aƙalla ya shiga takardar auna ƙwazonsa ta ƙarshen shekara. "A taimaka a rufa mata" magana ce mai daɗi, amma in aka yi wata uku ana rufawa kyauta, haushin kan mai jego yake sauka, alhali ofis ne ya ƙi kashe kuɗi.

Ranakun da ake rububi kuwa, karɓa-karɓa kawai. Wanda ya samu bana ya koma ƙarshen layi baɗi, a manna jadawalin inda kowa zai gani. Ba na tambayar dalili. Da zarar ka fara auna dalilai, ka zama alƙalin da zai ce bikin makarantar yaro ya fi tafiyar da wata ta daɗe tana tara wa kuɗi. Masu son musaya su yi a tsakaninsu, amma ina tabbatar da cewa wanda ya bayar da yardarsa ya bayar, ba kunya aka sa shi ba.

Akwai jumla guda da na hana a sashena: "Ai ke ba ki da yara." Ba ka san abin da ke bayanta ba. Wata ɓari ta yi, wata tana zaryar asibiti neman haihuwa, wani shi kaɗai ke jinyar mahaifiyarsa, wata kuma haka ta zaɓa, kuma lokacinta nata ne. Dokoki ma sun gane haka. Yarjejeniya mai lamba 156 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1981, ta haɗa da masu kula da wasu 'yan uwa na kusa, ba 'ya'ya kaɗai ba. Dokar Amurka ta 1993 da ke ba da makonni 12 ba albashi ta shafi jinyar iyaye da miji ko mata. A Birtaniya, neman sassaucin lokutan aiki da can na iyaye ne da masu jinya, sai a 2014 aka buɗe shi ga sauran ma'aikata. Duba abin da dokar ƙasarku da takardar ɗaukar aiki suka ce kafin ka yi wa kowa alƙawari.

Saura na gaggawa: yaro ya tashi da zazzaɓi, an kira daga makaranta. A bar mutum ya tafi, ba dogon bayani. Amma ina rubuta wanda ya tsaya a madadinsa, kuma ina so mai tafiyar ya faɗi ranar da zai rama tun kafin a tambaye shi. In na ga suna ɗaya yana ta maimaituwa a jerin masu tsayawa, ba na jira ya kawo ƙara. Kiransa nake yi ya zaɓi ranar da zai tashi da wuri a makon.