Kurakuran da masu iyali suka fi yi a birnin Venis

Kafin mu tafi Italiya ni da maigida da yara uku, an faɗa mana babu mota a Venis. Mun ji da kunne kawai. Sai da bas ta sauke mu a Piazzale Roma, inda kwalta ta ƙare, muka gane cewa daga nan sai ƙafa ko jirgin ruwa.

Kaya ne suka fara kayar da mu. Mun ɗauko manyan akwatuna uku kamar masu dawowa daga Makka da tsaraba. Birnin kuwa yana zaune ne a kan tsibirai sama da 100, gadoji fiye da 400 suka haɗa su, kuma kusan kowace gada matakala ce, a hau a sauka. Tayar akwati ba ta tsinana komai a nan. Gadoji biyar ne tsakaninmu da masauki. A kowace sai maigida ya haye da biyu, ya dawo ya ɗauki na uku, har gumi ya jiƙa masa riga, ni ko kallonsa ban yarda na yi ba, don ni na haɗa kayan. Kowa ya ɗauki jakar baya, kuma kafin ku biya kuɗin ɗaki ku tambayi mai masaukin gada nawa ce daga tashar jirgin ruwa zuwa ƙofarsa.

Keken tura jariri ma haka. Washegari na bar shi a ɗaki, na ɗauko zani na goya Auta. Ana ta kallona, amma ina tsallake gada yayin da wasu iyayen ke ciccíɓar nasu keken mutum biyu-biyu.

Sai tikitin vaporetto, jirgin da ke matsayin bas ɗin gari. Lokacin da muka je, tikiti ɗaya yuro 9.50 ne na minti 75, na awa 24 kuma yuro 25. Wanda zai hau sau uku a rana ya riga ya yi asara in ya sayi ɗai-ɗai. Yaron da bai kai shekara 6 ba kyauta yake hawa. A taɓa tikitin a jikin na'urar bakin tasha kafin a shiga, ko da an biya, in ba haka ba tara ce.

Kwale-kwalen gondola hukuma ce ta yanke farashinsa: yuro 90 na rabin awa da rana, kuɗin jirgi ne ba na kai ba, mutum biyar yake ɗauka. Da dare ya fi tsada. In yara ɗanɗani kawai suke so, akwai kwale-kwalen traghetto da ke tsallakar da mutane babban mashigin ruwan da ya ratsa garin a kan yuro 2.

Kada a dogara da lambar gida. Unguwanni shida ne, kuma lamba ta unguwa ce ba ta layi ba, shi ya sa take kai dubbai. Taswirar waya kan rikice a lungu. Allunan rawaya da ke jikin bango, masu nuna hanyar gadar Rialto da dandalin San Marco, sun fi ta gaskiya.

A wajen ci, prosciutto da pancetta da yawancin salame naman alade ne. Kifi ya wadata, sai dai a tambaya ko an sa vino, wato giya, a girkin. Zama a teburin dandalin San Marco kuɗi ne mai zafi, kuma tun 2008 aka hana ciyar da tattabarun wurin. Ruwan famfunan unguwa na sha ne, a riƙe gora.

Tun 2024 masu zuwa su wuni su koma suna biyan kuɗin shiga a wasu ranaku. Masu kwana a gari da yara 'yan ƙasa da shekara 14 ba sa biya.

Yawancin bakin ruwan ba shi da shinge, matakalan da ke sauka cikinsa kuma gansakuka ta sa su santsi. Ɗanmu na tsakiya ya taka ɗaya don ya leƙa kifi, Allah ya sa yayarsa na riƙe da rigarsa. Takalminsa ɗaya dai yana can.