Yadda za ka kare sirrinka idan likita ya tura ka hoton ƙwaƙwalwa

Aikina a wani asibiti nan Katsina shi ne liƙa wa marasa lafiya ƙananan wayoyi a fatar kai, in ɗauki zanen lantarkin da ke kai-komo a ƙwaƙwalwa. Gwajin EEG ke nan. Yawancin waɗanda ake turo mini masu farfaɗiya ne, daga Mashi, Jibiya, Daura, har Maraɗi. Masu shanyewar ɓarin jiki kuwa hoton CT ko MRI ake tura su, wato hotunan da na'ura ke ɗauka na cikin kai. Duk alheri ne, kada kowa ya ji tsoron yi. Damuwata ita ce hannun da sakamakon ke faɗawa bayan an gama.

Kafin ka kwanta a gadon gwaji, tambayi me ake nema, wa zai ga sakamakon, kuma a ina za a ajiye shi. Idan aka miƙo maka takarda da Turanci, ka ce a karanta maka da Hausa kafin ka sa hannu ko ka dangwala yatsa. Ka kuma tabbatar takardar ta magani ce ko ta bincike, don hukuncinsu daban. Bincike sai da amincewar kwamitin ɗa'a, kana da ikon cewa a'a ba tare da an fasa duba ka ba, kuma kana iya janyewa ko an riga an fara. Mu a Arewa ba baƙi ba ne a wannan batu. A annobar sanƙarau ta 1996 an gwada maganin Trovan na kamfanin Pfizer a Kano, cikin yara kusan 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyayensu yadda ya kamata.

Inda ɓarna ta fi yawa a wurinmu, wallahi, wayar hannu ce. Kowane hoton MRI yana ɗauke da suna, shekaru da lambar asibiti a gefensa. Ɗan'uwa zai ɗauka ya tura zauren WhatsApp na dangi, "a taya mu da addu'a". Addu'a ba ta buƙatar hoto. Na ga yarinyar da aka fasa aurenta saura kwanaki ɗaurin aure, domin takardar EEG ɗinta ta isa hannun dangin miji, alhali magani ya riga ya tsayar mata da faɗuwar. Idan dole ne ka tura wa wani likita, tura masa shi kaɗai, ka rufe sunan. Faifai ko fim ɗin da aka ba ka, ajiye shi inda kake ajiye takardun gida.

Rufe suna ma bai wadatar ba a hoton MRI, saboda yana ɗaukar kai gaba ɗaya, har fuska. A 2019 masu bincike a asibitin Mayo na Amurka sun sake gina fuskokin mutane 84 daga hotunan kansu, manhajar gane fuska ta gano 70 daga cikinsu. Don haka idan mai bincike ya ce zai tura hotonka waje "ba suna", tambaye shi ko za a goge fuskar.

Abokan aikina, maganar ta shafe mu fiye da kowa. Kada mu ɗauki allon na'ura da wayarmu, kada ɗalibi ya tafi da fayil ɗin marar lafiya a filashi, kowace kwamfuta a sa mata kalmar sirri. Amana ce, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman.

Sai tilas. Idan mai ɗaukar aiki, ko surukai, ko wani mai iko ya ce "a je a duba kansa" don a san halinsa ko gaskiyarsa, ka ƙi. EEG ba ya nuna hali, ba ya auna basira. Mai farfaɗiya ma zanensa kan fito lafiya lau, mai lafiya kuma wani lokaci nasa ya nuna ɗan sauyi. Likita ne ke haɗa shi da labarin ciwon. A Indiya an taɓa ɗaure wata mata a 2008 bisa laifin kisa, an kafa hujja har da gwajin ƙwaƙwalwa, amma a 2010 Kotun Ƙolin ƙasar ta hana yi wa kowa irin wannan gwaji ba da yardarsa ba. Ko manhajar Jami'ar Texas ta 2023, mai hasashen ma'anar labarin da mutum ke saurare, ba ta yi aiki ba sai da kowane mutum ya yi wajen awa 16 cikin na'urar MRI da son ransa.

Akwai kuma madaurin kai mai ɗaukar zanen lantarkin ƙwaƙwalwa da ake tallatawa a intanet, wai don barci ko natsuwa. Kafin ka saya, duba ko bayananka na zuwa rumbun kamfanin, da ko za ka iya gogewa. Kada ka yarda makaranta ta ɗaura wa ɗanka. An gwada a wata firamare a Sin a 2019, aka dakatar bayan surutu ya yi yawa. Ƙasar Chile ta sa kariyar bayanan ƙwaƙwalwa cikin tsarin mulkinta a 2021, a 2023 kuma kotunta ta umurci kamfanin Emotiv, mai ƙera irin wannan madauri, ya goge bayanan wani tsohon sanata.

Idan sakamakonka ya fita ba da izninka ba, ɗauki hoton saƙon da aka yaɗa shi a ciki da kwanan watansa, rubuta ƙorafi ga shugaban asibitin, ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa. In ba a saurare ka ba, kai ƙara Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, wato NDPC, a Abuja.